Rumbun Kwantena na Aro Ba Abin Dogaro Ba Ne

Ra'ayin da ya zama ruwan dare tsakanin masu gina manhaja a yau shi ne wai kafa rumbun kwantena na kai ɓata lokaci ne, tunda rumbun Docker Hub da manyan kamfanonin hayar sabar sun riga sun ɗauke wa kowa wannan nauyi. Kwantena a wannan fanni ƙunshi ne da ke haɗa manhaja da duk abin da take buƙata domin ta yi aiki iri ɗaya a kowace kwamfuta, samfurin da ake tayar da ita daga gare shi ana kiransa hoto, rumbu kuwa shi ne sabar da ake ajiye hotunan, a jawo su duk lokacin da za a girka aiki ko a sabunta shi. Wannan ra'ayi kuskure ne, domin yana ɗaukar alfarmar da kamfani ke yi a yau tamkar haƙƙi ne mai ɗorewa, alhali kayan aro ba ya rufe katara.

A watan Nuwamban 2020 kamfanin Docker ya ƙayyade jawo hotuna daga Docker Hub ga wanda bai yi rajista ba zuwa sau 100 cikin sa'o'i 6, ga mai asusun kyauta kuma sau 200, kuma da yake ana ƙirga na farkon ne bisa adireshin intanet, ofis ko jami'ar da ɗaruruwan kwamfutocinta ke fita ta adireshi ɗaya kan cinye rabonta tun aiki bai yi nisa ba. A Maris ɗin 2023 kamfanin ya sanar da soke asusun kyauta na ƙungiyoyi, sai da ƙorafi ya yi yawa ya janye, sannan a 2025 kamfanin Broadcom ya kwashe mafi yawan hotunansa na Bitnami na kyauta zuwa wata ma'ajiyar da ba a sabuntawa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya saɓa doka, kuma a nan haɗarin yake, domin mai rumbu yana da ikon sauya sharaɗi ranar da ya ga dama.

Ga Afirka ta Yamma lamarin ya fi haka nauyi. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku guda 4, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, sun lalace, har harkar bankuna ta sami cikas a Nijeriya. Ma'aikatar da sabobinta ke Legas ko Abuja amma hotunanta ke ƙetare tana iya kasa tayar da manhajar da ita da kanta ta rubuta a irin wannan rana, ba don injinta ya mutu ba, sai don hanyar zuwa rumbun ta toshe.

Masu cewa aikin ya fi ƙarfin ƙaramar ma'aikata suna zuzuta wahalar. Distribution, manhajar rumbu da Docker ya miƙa wa gidauniyar CNCF, kyauta ce, kwantena ɗaya ce ke tayar da ita, kuma ana iya saita ta ta riƙa adana kwafin duk hoton da aka jawo daga waje domin kada a sake kashe data a kansa. Wanda ke son tantance masu shiga da binciken raunin tsaro a cikin hotuna yana da manhajar Harbor, wadda aka fara ginawa a kamfanin VMware. Gaskiya ne akwai ɗawainiya, domin dole a sanya takardar shaidar TLS mai ɓoye saƙo a hanya, a tsare ƙofa da kalmar sirri, a ajiye kwafi a wani wuri dabam, a kuma riƙa share tsofaffin hotuna kafin faifai ya cika, sai dai duk wannan bai wuce aikin da mai kula da sabar ke yi kullum ba. Duk bankin, asibitin ko jami'ar da ke tafiyar da aikinta a kan kwantena ya wajaba ta mallaki rumbunta, ta kuma ware masa kaso a kasafin kuɗinta na shekara.