Farar riga ba ta mai da mutum likita

Ma'aikatan ɗakin awo suna da barkwancinsu. Sukan ce akwai wuraren da ko ruwan randa ka kai a auna, takarda za ta fito da masassarar cizon sauro da taifot. Sukan kuma ce a yau farar riga da wayar salula sun fi shekara bakwai a jami'ar Yamai saurin mai da mutum "Dakta". In sun faɗa sai su yi dariya, amma mu da muke ɗaukar yara zuwa awo daga Konni, Malbaza da Illela, bai kamata abin ya tsaya mana a dariya ba.

Mu fara da aikin kansa. Tun 1880 wani likitan Faransa mai suna Laveran ya ga ƙwayar cutar cizon sauro cikin jinin majinyaci ta madubin awo, a ƙasar Aljeriya. Har gobe haka aikin yake: a ɗiga jini a kan gilashi, a bar shi ya bushe, a rina shi, sannan wanda ya koyi aikin ya zauna yana dubawa gurbi bayan gurbi. Yana buƙatar rini mai kyau, da madubi mai tsabta, da ido mai horo, da haƙuri. Shi kuwa awon taifot da aka fi yi mana, wanda ake kira Widal, tun 1896 yake, kuma masana sun daɗe da nuna cewa awo ɗaya ba ya tabbatar da cutar, domin yakan nuna alama ga wanda ya taɓa kamuwa ya warke. Idan tsiro ne a nono ko a wuya, ƙwararren likita ne kaɗai yake iya duba yankan naman ya ce daji ne ko a'a, kuma irinsa ba ya cikin shagon bakin tasha.

Wannan mai duban madubi ba mu san fuskarsa ba, ba ma kiransa taron biki. Wanda muke girmamawa shi ne mai allo babba a ƙofar shago, wanda ya jera haruffa a gaban sunansa da bayansa. Takardar da yake taƙama da ita kuwa, mun ga yadda ake samun irinta. A ƙarshen 2023 ɗan jaridar Daily Nigerian, Umar Audu, ya bayyana yadda ya samu digiri daga wata jami'a a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya zauna aji ba, har gwamnatin Nijeriya ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo a watan Janairun 2024. Mu da kan iyaka take bakin ƙofarmu, mun san abin da ya shiga kasuwar maƙwabta ba ya daɗewa bai tsallako ba.

Sai kuma sana'ar gefe. Yanzu za ka ga mai farar riga a Facebook ko WhatsApp tana haɗa man shafawa, tana cewa likitar fata ce. Da yawa daga mayukan bilicin suna ɗauke da sinadaran da ke sirantar da fata, su jawo nankarwa da baƙaƙen tabo, wasu har su taɓa ƙoda ko su tayar da hawan jini. Shi ya sa Kodebuwa ta haramta su a 2015. Yarinyar da ke aji uku na kwaleji ba ta san wannan ba. Farar riga ta gani, ta yarda.

Ba ina zargin ma'aikatan lafiya a dunƙule ba ne. Majo da ke riƙe da CSI na ƙauye shi kaɗai, yana karɓar haihuwa da dare, yana awon yara da damina, ya fi ƙarfin godiyarmu, kuma bai taɓa cewa shi wani ne ba. Asibitin Galmi tun 1950 yake aiki, mutane suna zuwa daga nesa saboda abin da suka gani. Neman na cefane a gefe ma ba abin kunya ba ne, mu malamai mun san yadda albashi yake ƙarewa kafin wata. Abin da na ƙi shi ne a ɗauki amanar da jama'a suka ba wa riga a sayar da ita, ko a ari sunan da ba a yi wa wahala ba.

Kuma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu iyaye ne muke jin haushi idan awo ya ce babu masassarar sauro, mu koma wani wuri har sai an rubuta mana allura. Mu ne muke tambayar yaro na nawa ya zo a aji, ba ma tambayarsa me ya koya. Mu ne muke neman a gyara maki, a taimaka wa yaro a BEPC. Wanda ya ga an sayo masa maki yana shekara goma sha biyar, me zai hana shi sayen digiri yana talatin?

Abin yi ba shi da wuya. Kafin ka miƙa hannun ɗanka, tambayi mai awon inda ya yi karatu da izinin da yake aiki da shi. Mai gaskiya ba ya fushi da wannan tambaya. Idan awo ya ce babu cizon sauro kuma zazzaɓi bai sauka ba, a koma wurin likita a nemi dalili, kada a tara magunguna. Uwaye su duba kwalaben da ke ɗakin ƴaƴansu mata. Mu malamai kuma mu gayyaci ma'aikacin ɗakin awo ya zo aji, ya nuna wa yara ɗigon jini ta madubi, su ga tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya rubuta kalma ɗaya. Sannan mu riƙe alƙalaminmu da gaskiya ranar bayar da maki, domin cikin yaran nan ne za a samu wanda zai auna jinin jikokinmu.