Korar Ɗan Ci-Rani Ba Ta Tare Hamada

Jama'a, duk wanda ya taɓa yin sammako zuwa Agege ko kasuwar Mile 12 a Ikko ya san cewa manyan motocin da ke zuwa daga Arewa ba shanu da albasa kaɗai suke saukewa ba. A bisa kayan akwai samari, kowa da 'yar jakarsa, sun kwana biyu iska na dukansu. Tambayar da ta kamata mahukunta su yi ita ce: me ya raba yaron nan da gonar ubansa? Amma ba ita suke yi ba. Abin da ya dame su kawai shi ne yadda za a kawar da shi daga kan titi.

A watan Fabrairu na 2020 Gwamnatin Jihar Ikko ta hana acaba a wasu sassan birnin. Ran 1 ga Yuni 2022 ta sake ƙarfafa dokar a ƙananan hukumomi shida, watau Ikeja da Surulere da Apapa da Eti-Osa da Lagos Island da Lagos Mainland, aka yi ta kama babura ana niƙe su. Ba mu ce gwamnati ba ta da hujja ba. Haɗari ya yi yawa, kuma cikin 'yan'uwanmu akwai masu tuƙin ganganci, wannan gaskiya ce ko da ɗaci. Amma fa wanda aka ƙwace wa babur bai koma gida ba. Ya koma tura ruwa, ko jari-bola, ko zaman banza, domin abin da ya koro shi yana nan yana jiransa.

To, mene ne ya koro shi? A farkon shekarun 1960 faɗin Tafkin Chadi ya kai murabba'in kilomita 25,000. Bayan farin 1973 da na 1984 sai ya tsuke har ya koma wajen kashi ɗaya cikin goma, aka bar babban aikin noman rani na kudancin tafkin da magudanai a bushe. Ko da yake ruwan ya ɗan farfaɗo daga baya, rikicin Boko Haram ya hana masunta da manoman Barno cin moriyarsa. A fadamun Haɗeja da Nguru kuwa, tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar ruwa ta sake, ciyawar kacala ta toshe hanyoyinsa, wasu gonaki suka nutse, wasu suka ƙeƙashe. A Yusufari ta Jihar Yobe rairayi ne ke binne gonaki. Inda ƙasa ta ƙi, makiyayi da manomi suna rububin 'yar wadda ta rage, daga nan sai fitina. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Wutar da ke ci a Arewa, hayaƙinta ne mutanen Ikko ke gani a titunansu.

Ba wai ba a yi tsare-tsare ba. Tun 1981 Gwamnatin Tarayya ta kafa asusu na musamman domin matsalolin muhalli. A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin shingen itatuwa don tare hamada, a 2015 kuma Nijeriya ta kafa hukumar da za ta kula da shi a jihohi 11 na Arewa. Amma kowa ya san yadda bikin dashen itatuwa yake. Manya su zo da jerin motoci, a dasa tsiro ɗaya, a ɗauki hoto, kafin la'asar akuya ta gama da shi. Daɗin daɗawa, kananzir da gas sun fi ƙarfin talaka, musamman bayan janye tallafin mai a 2023, saboda haka uwargida ta koma ga itace da gawayi. Yaya za a hana ta saran itace alhali ba a ba ta abin da za ta dafa tuwo da shi ba?

Abin takaici, maganin ba nesa yake ba. Maƙwabtanmu na Maraɗi, tun daga shekarun 1980, sun daina tone kututture in suna sharar gona. Suna barin tohon gawo da sauran itatuwa, su rage masa rassa, su tsare shi har ya girma. Da wannan dabara kurum miliyoyin kadada suka sake yin kore. Manomi ya tsare icen ne domin ya tabbata nasa ne.

Saboda haka muna kira ga gwamnonin Arewa da su bayyana wa jama'a abin da suke karɓa daga asusun muhalli da inda yake shiga, su kuma riƙa ƙirga itatuwan da suka rayu bayan shekara uku maimakon waɗanda aka dasa ran biki. Gwamnatocin Kudu kuma, kafin su hana wata sana'a, su zauna da sarakunan Hausawa da shugabannin masu sana'ar, a ba da wa'adi, a nuna wa mutane wata hanyar abinci. Tsarin mulki ya ba kowane ɗan ƙasa ikon zama inda ya so cikin Nijeriya.

Mu ma mazauna Kurmi da namu aikin. Mu bi dokar garin da muke ciki, mu tsawata wa ƙannenmu masu ganganci. Kuɗin da muke aikawa gida kada ya ƙare a biki da kayan ɗaki. Kowace ƙungiyar 'yan gari a Sabo ta Badun ko Idi-Araba tana iya ɗaukar nauyin rijiya ɗaya da ɗan lambun dashe a ƙauyensu, ta biya mai gadi. In gona ta riƙe yaro, ba zai hau bisa buhun albasa ya nufo Ikko ba.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya mai da kowa gida lafiya, amin.