Filin Lambu: Buganbiliya, Itaciyar da Gata Ke Hana Ta Fure

Duk wanda ya ratsa tsofaffin unguwannin ma'aikata a Kaduna, Zariya ko Jos cikin hunturu, lalle ya ga wata itaciya mai yaɗo ta lulluɓe katanga da ja ko shunayya, alhali kuwa ciyayi duk sun bushe. Sunanta buganbiliya. Sau da yawa maigida yakan sha'awarta ya dasa a gidansa, ya shekara uku yana ban ruwa safe da yamma, amma ba ya samun kome sai ganye da ƙaya, daga bisani ya fusata ya sa gatari. Haƙiƙa laifin ba na itaciyar ba ne.

Asalinta daga Amurka ta Kudu ne. A shekarar 1767 wani jirgin ruwa na Faransa ya yada zango a Riyo di Janero, ƙasar Birazil, inda masanin tsirrai Philibert Commerson ya tattara ta, aka raɗa mata sunan jagoran tafiyar, watau Louis Antoine de Bougainville. Abin da ido ke ɗauka fure ne, ganye ne mai launi, shafal kamar takarda. Furen na ainihi ɗan ƙarami ne, fari, a tsakiyarsu.

Sirrinta shi ne ba ta yin fure sosai sai ta sha rana ta kuma ji ƙishirwa. Idan ruwa da taki suka yi mata yawa, musamman takin zamani irin na yuriya, sai ta ba da ƙarfinta ga rassa da ganye. Saboda haka ne ta fi ƙawa da rani. Wannan kuwa albishir ne ga mazauna garuruwan da ake sayen ruwa garwa garwa.

Mai son dasawa ya jira faɗuwar damina. Ya yanko reshen da ya fara ƙosawa, mai kaurin fensir, tsawon inci 6 zuwa 8, ya zage ganyen ƙasa, ya soka rabinsa cikin leda mai ƙasar da aka gauraya da yashi, ya ajiye a inuwa. Cikin wata biyu ko kusa da haka zai yi saiwa. Wurin dashe ya kasance mai samun rana aƙalla awa 6, inda ruwa ba ya kwanciya. A haƙa rami ƙafa 2, a zuba ruɓaɓɓen takin shanu kaɗan. Wajen fitarwa, a tsaga ledar a hankali kada ƙasar ta watse, domin saiwarta ba ta jure wa taɓi. A kewaye ta saboda awaki.

A shekarar farko ana ba ta ruwa a kai a kai har ta kafu. Bayan haka sai a janye hannu, a bari ƙasa ta bushe kafin a sāke ba ta, sa'an nan a ba ta isasshe ya shiga ƙasa sosai.

Buganbiliya ba ta naɗe kanta a jikin abu kamar yadda duma ke yi, da ƙayarta take maƙalewa. Wajibi ne a kafa mata dirka ko a ja waya, a riƙa ɗaure rassan da tsumma tun suna da taushi, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Furen a kan sabon toho yake fitowa, don haka da zarar launi ya zube sai a rage tsawon rassan.

Akwai gargaɗi guda biyu. Kada a dasa ta a gindin katangar ƙasa, domin danshi yana cin ginin, nauyinta kuma yana ƙaruwa kowace shekara. A ba da tazarar ƙafa 3, a ɗora ta kan dirkarta. Na biyu, a tattara rassan da aka sare a ƙone, kada ƙaya ta soki yara masu yawo ba takalmi. Amma wannan ƙaya ita ce amfaninta a kan shinge, domin ba mai tsallake ta cikin dare ya fita lafiya.

Wanda tasa ta ƙi fure, kada ya yi garajen sare ta. Ya daina taki, ya rage ruwa, ya datse reshen bishiyar da ya yi mata inuwa, ya jira hunturu mai zuwa.