Kar a girbi hankalin yaro tun bai nuna ba

Kowace shekara da an gama girbi, motocin Kalfu da na sauran garuruwan arewacin Adar suna cika da masu tafiya bida, wasu Abijan, wasu Libiya, wasu Najeriya. A cikinsu akwai yara ƴan shekara 13 ko 14 waɗanda bara suna kan bencin lakwal. A wannan lokaci ne kuma ake ɗaura ma tsaransu mata aure. Uwaye suna cewa: "Ai ya iya karatu da rubutu, mi ya rage?" Abin da ya rage yana da yawa, ga dalili.

Wani masani ɗan ƙasar Suwis, Jan Piyaje, wanda ya rasu a 1980, ya yi shekaru fiye da 50 yana lura da yadda yara suke tunani. Ya iske hankali yana girma mataki-mataki, har huɗu. Daga haihuwa zuwa shekara 2, jinjiri yana sanin duniya da ido da hannu da baki. Daga 2 zuwa 7 magana ta zauna, amma ido yana rinjayar hankali: a juye tiya guda ta hatsi daga ƙwarya mai faɗi zuwa cikin dogon gwangwani a gaban yaro, sai ya ce hatsin ya ƙaru. Daga 7 zuwa 11 ko 12 ya gane tiya tiya ce ko ina aka zuba ta. Yana ƙidaya, yana jerawa, yana rabo, muddin yana ganin abin ko yana taɓa shi. Mataki na huɗu yana somawa wajen shekara 12. A nan ne yaro yake iya tunani a kan abin da ba ya gabansa: in damina ta makara, wane iri ya kamata a shuka, kuma don mi?

Kakanninmu ba su jahilci wannan ba. Wajen shekara 2 ake yaye, a shekara 7 ake cewa yaro ya yi wayo, a umurce shi da salla, a ba shi kiwon awaki. A shekarun 1970 wani masanin, Piyer Dazan, ya yi bincike a kan ɗiyan Bawule na Kodebuwa, ya iske matakan farko suna bin jeri guda da na ɗiyan Turawa, sai dai saurinsu ya danganta da abin da yaro yake yi kullum. Binciken da ya biyo baya ya ƙara nuna abu biyu: mataki na huɗu ba ya zuwa da kansa kamar gemu, sai an horar da shi, kuma ƙwaƙwalwa ba ta gama nuna sai wajen shekara 25.

To, wannan ya aza mana nauyi biyu. Na farko yana kan malaman ƙananan azuzuwa. Ɗan shekara 7 yana koyon lissafi da tsakuwa da kara, cikin harshen da ya sha a nono, kafin a kai shi ga allo. Ƙasarmu ta soma gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram tun 1973, dokar ilimi ta 1 ga Yuni 1998 kuma ta ba harsunan gida matsayi a makarantar farko. Wajibi ne makarantar horon malamai ta Kawusan da ke Tawa ta yaye malaman da suka san wannan a aikace.

Nauyi na biyu yana kan uwaye da hukumomi. Mun sani ƙasar Adar dutse ce da fako, kuma kuɗin bida suke cika rumbun da gona ta kasa cikawa. Ba mu zargin kowa da son kai. Amma yaron da aka fidda daga lakwal a shekara 13 an tsayar da shi daidai bakin mataki na huɗu. Wanda ya jinkirta har 16 ko 17 zai tafi yana iya karanta takardar yarjejeniya, ya lissafa canjin sefa da naira, ya auna riba da hasara kafin ya ci bashi. Haka ɗiya mace: dokar gwamnati ta 5 ga Disamba 2017 ta tanadi a kare karatunta har shekara 16, kuma ita ce gobe za ta auna ma jinjirinta magani.

Saboda haka muna kira ga sarakuna da masu gari da kwamitocin uwayen yara su zauna tun kafin motoci su tashi, su san sunan kowane yaro da ya gama aji shida, su nema ma ɗan ƙauye masauki kusa da kwalej. Ku kuma da kuka yi yaƙi da jahilci da furfura a kai, kun fi kowa sanin wuyar karatun da aka makara. Ku faɗa a dandali da ƙofar masallaci: manomi yana karya tumu kaɗan don ɗanɗano, amma ba ya girbe gona duka sai hatsi ya nuna.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba mu haƙurin jiran ta.