Ra'ayinmu: Masallaci Ba Ya Biyan Haraji, Kada Ya Biya Da Mumbari

Duk saniyar da ta taso daga Ngaundere, a jirgin ƙasa ko a tirela, kafin ta iso kara a Duwala an riga an biya mata kuɗi a wuri fiye da ɗaya, sannan a sake biyan kuɗin yanka a kwatar Bonendale. 'Yan uwanmu na Arewa maso Yamma kuwa sun san jangali tun zamanin Ingilishi. Saboda haka in ana zancen haraji, mu makiyaya da fataken shanu muna da bakin magana.

Ginin da aka keɓe don ibada, masallaci ne ko coci, ba a ɗora masa harajin fili kamar yadda ake ɗora wa gidan haya. Ba mu da ja a kan wannan. Da ribar shanu da gumin 'yan kasuwa aka ɗaga yawancin masallatan New Bell da sauran unguwanninmu, kuɗin da hukuma ta riga ta ɗebi rabonta a ciki.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen izini. Dokar ƙungiyoyi mai lamba 90/053, ta ranar 19 ga Disamba 1990, ta ce ƙungiyar addini ba ta tabbata sai da takarda mai sa hannun shugaban ƙasa, kuma sai da ita ƙungiya ke iya karɓar kyautar fili ko gini don aikinta. Wannan takarda ba ta fitowa da sauƙi, shi ya sa masallatai da coci-coci da yawa suke fakewa a inuwar wata ƙungiya mai izini. To, makiyayi ya fi kowa sanin cewa wanda ya riƙe igiya shi ke juya saniya. Malamin da ke jiran sa hannu, ko yake tsoron a janye wanda ya samu, da wuya ya ɗaga murya. Daga nan ne ake fara addu'ar zaman lafiya a ƙare da kiran sunan ɗan takara, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

A ranar da aka sa waccan doka, an sa wata wadda ta hana kafa jam'iyya a kan addini ko ƙabila. In jam'iyya ba ta da ikon zama masallaci, don me masallaci zai zama ofishin jam'iyya, ta gwamnati ce ko ta adawa? Dattawanmu ba su manta da 1991 ba, lokacin da aka rufe kasuwanni wata da watanni, kaya suka yi kwantai. Bayan zaɓen 12 ga Oktoba 2025, wanda Paul Biya da Issa Tchiroma Bakary suka kara, an yi arangama a titunan New Bell ranar 26 ga wata, aka rasa rayuka a Duwala. A sahu ɗaya magoya bayan ɓangarorin biyu suke salla, bayan liman ɗaya.

Ba muna cewa liman ya kulle bakinsa ba ne. Mun ji Babban Bishop na Duwala, Samuel Kleda, yana faɗin abin da ke damun talakawa ba tare da kwana-kwana ba. Mu ma muna son jin huɗuba a kan kuɗin da ake tatsa a shingayen hanya ba rasit, da burtalin da aka nome, da masu garkuwa da makiyaya a dazukan Adamawa. Wannan hani ne da mummuna, ba yaƙin neman zaɓe ba.

Muna kira ga kwamitocin masallatanmu su riƙa karanta wa jama'a lissafi sau ɗaya a shekara, a faɗi wanda ya kawo buhun siminti ko shinkafa a kakar zaɓe. Shagunan hayar da ke jikin masallaci kuwa kasuwanci ne, a biya musu haraji a ajiye rasit, don kada wani jami'i ya samu abin da zai ja liman da shi ranar Juma'a.