Jaririyar da aka ɗaura wa ɗamarar ƙugu, da uwar da ke aiki a kamfani



Yau maganar ta shafi ke mai jego, musamman idan kina cikin masu sammakon zuwa kamfanonin leda, tabarma ko biskit a Sharada, Challawa da Bompai.

Akwai jariran da ake haifa kan ƙashin cinyarsu bai zauna daram a gurbinsa na ƙugu ba. An fi gani a 'ya'ya mata, da 'yar fari, da wadda ta zo ta ƙafa ko ta ɗuwawu, da gidan da aka taɓa samu. Abin ba ya yi wa jariri ciwo, shi ya sa ake wucewa ba a lura ba, sai yarinya ta fara tafiya a ga tana ɗingishi. Ki duba lokacin canza nafkin: ƙafa ɗaya ba ta buɗewa kamar 'yar'uwarta? Ɗaya ta fi gajarta? Ki kai ta asibiti, kamar Asibitin Ƙashi na Dala ko na Malam Aminu Kano. Wannan ba karaya ba ce, don haka ba aikin mai ɗori ba ne.

Idan an gano kafin wata 6, yawanci ɗamara ake sa wa, mai suna Pavlik, sunan likitan ƙasar Cek da ya ƙirƙiro ta. Tana riƙe ƙafafu a lanƙwashe, a buɗe kamar na kwaɗo, dare da rana, na kimanin mako 6 zuwa 12. In aka makara kuwa, sai filasta tun daga ƙirji har ƙafa, wani lokacin har tiyata.

To a nan gizo ke saƙar. Kaka za ta ce an ɗaure mata jika kamar akuya, ta kwance "ta ɗan huta". Hajiya, don Allah a bari. Kowane zaren nan likita ne ya auna shi, ba a sassautawa, ba a ƙara ɗaurewa a gida. Haka nan wankan nan da ake ja wa jariri ƙafa a miƙe ta, a naɗe shi tam cikin zani, shi ne babban abin gudu. A Japan, da aka wayar wa iyaye kai a shekarun 1970 suka daina naɗe ƙafafun jarirai a miƙe, cutar ta ragu ƙwarai. Goyonmu kuwa, da ƙafafu ke rungume da bayan uwa, zaman da ƙugu ke so ke nan, amma ki tambayi likita kafin ki goya da ɗamarar.

Nafkin ƙarƙashin zare ake sa shi. A goge jiki da tsumma mai ɗumi in likita ya hana cirewa, a busar da matsematsi da bayan gwiwa, saboda zafin Kano ba ya barin fata. Idan kika ga ƙafa ɗaya ta daina harbawa, kada ki jira ranar asibiti, ki koma a ranar.

Sai batun aiki. Dokar ƙwadago ta ba mai ciki hutun mako 12, shida kafin haihuwa, shida bayanta, da aƙalla rabin albashi ga wadda ta yi wata 6 tana aiki, da rabin awa sau biyu a yini don shayarwa. Ke nan hutu na ƙarewa ɗamara na jikin yarinya. Mai aikin yini kuma, ranar asibiti ranar asarar kuɗi ce, wata ma ta dawo ta tarar an sa wata a gurbinta. Mu a ganinmu bai kamata a sa uwa ta zaɓa tsakanin abincin gida da ƙafar 'yarta ba. Masu kamfani su karɓi katin asibiti a matsayin uzuri. Ke kuma ki nemi takardar likita tun ranar farko, ki kai ofis, ki ajiye kwafi. Wadda za ki bar wa yarinya, ki je da ita asibiti sau ɗaya ta ji da kunnenta.

A tura wa masu jego na unguwa.