Masu Gini a Kan Dutse

In kun duba taswirar Asiya, can arewacin Indiya, a bayan duwatsun Himalaya, za ku ga wata ƙasa wai ita Ladak. Babban garinta Le, yana bisa tudu, ƙafa 11,500 sama da teku, watau wajen ninki uku na tudun Jos. Duwatsun nan su kan tare hadari, saboda haka ruwan da a ke samu a shekara bai fi inci 4 ba. Ƙasa ce fako, ba ka ganin kore sai a bakin rafi.

Da yawa daga cikin mutanen wurin mabiya addinin Buda ne. Suna da manyan gidajen ibada da su ke kira gompa, inda malamansu su ke zaune suna karatu. Abin mamaki, galibi a kan dutse a ke gina su. Akwai wani a Tikse, mil 12 daga Le, hawa goma sha biyu, ya manne a jikin dutse sai ka ce gidan zanzaro.

Baƙo ya kan ce wannan wahalar banza ce, ga fili a ƙasa, me ya kai mutum ɗaukar ruwa da itace zuwa ƙoƙuwar dutse? Wahala kam akwai ta, kuma tsoron mahara na cikin dalilan. Amma a ganina magabatan nan sun yi hikima. Ƙasar noma kaɗan ce ƙwarai, sai inda ruwan ƙanƙarar da ta narke ya ke iya kaiwa. Nan su ke shuka sha'ir da alkama, sau ɗaya tak a shekara, don sanyi ba ya barin na biyu. Duk ɗakin da aka kafa a gona, tuwon wani aka rage. Dutse kuwa ko an bar shi ba ya ba da ƙwaya ɗaya.

Tun da aka buɗe ƙasar ga 'yan yawon buɗe ido a 1974, masaukan baƙi suka yi ta cin gonakin Le, aka kuma yi gidaje har cikin busassun kwazazzabai. A watan Agusta na 2010 ruwa ya kece da dare kamar da bakin ƙwarya, laka da duwatsu suka gangaro ta tsohuwar hanyarsu, mutum fiye da 200 suka halaka. Gompar Tikse tana nan bisa dutsenta, gonakin sha'ir shimfiɗe a ƙarƙashinta har bakin Kogin Indus.